Na rusa masa Mirror Force amma ya ce dodannina sun tafi, wa ke da gaskiya?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san dokokin Yu-Gi-Oh! na katin takarda sosai, ya raba mana gardama ni da ɗan baffana. A da a waya muke bugawa, Master Duel, inda na'ura ke yanke hukunci ba sai kowa ya buɗe baki ba. Da yayanmu ya dawo daga Ingila ya kawo mana katunan gaske, sai muka koma kan tabarma, kuma a nan babu alƙali, kowa da tasa fahimtar.

Abu na farko: ina da dodanni biyu a tsaye, wato a shirin kai hari, na kai hari da ɗaya, ya buɗe Mirror Force, tarkon da ke rusa duk dodannin mai hari da ke tsaye. Akwai Mystical Space Typhoon a hannuna, katin sihirin da ke rusa sihiri ko tarko, nan take na kunna shi na rusa tarkon. A ganina tunda katin ya tafi maƙabarta, inda ake ajiye katunan da aka rusa ko suka gama aiki, aikinsa ya bi shi. Shi kuwa ya kafe cewa dodannina duka biyu sun halaka.

Na biyu: ya kunna Pot of Desires, ya kori kati 10 daga saman tarinsa a kife don ya ja 2, ni kuma na yar da Ash Blossom, dodon da ake yarwa daga hannu don soke irin wannan aikin, na tare shi. Ya yarda ba zai ja biyun ba, amma ya ce ko dai a mayar masa da goman nan, ko a bar shi ya kunna wani Pot of Desires ɗin da ke hannunsa. Na ƙi duka biyun, sai dai ba ni da hujjar da zan nuna masa.

Sai na uku, ƙarami ne. In na kife tarko, zan iya buɗe shi a wannan zagayen idan ya yi wani motsi? Ba na son wasan ya zama silar ɓacin rai tsakaninmu, don Allah a taimaka.

Baban Iman ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ci ɗaya, ɗan'uwanka ya ci ɗaya, kuma dokar da ta ba shi gaskiya a ta farko ita ce ta ba ka gaskiya a ta biyu.

Kunna kati daban, zartar da aikinsa daban. Lokuta biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tazarar da abokin karawarka ke da damar sa baki. In ya sa baki an fara sarƙa ke nan: katin farko mahaɗi na 1, na biyu mahaɗi na 2, haka har kowa ya ce ya gama. Sa'annan a zartar daga baya zuwa gaba, kamar jeren kwanuka, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa.

To duba naka. Mirror Force mahaɗi na 1, Typhoon ɗinka na 2. Naka ya fara zartuwa, ya rusa katin, gaskiya ne. Amma karanta abin da ke jikin Typhoon: rusawa kawai ya ce, bai ce ya soke komai ba. Mirror Force tarko ne na gama-gari, irin wanda dama maƙabarta zai tafi da zarar ya gama aiki, ba ya bukatar zama a fili kafin aikinsa ya tabbata. An riga an kunna shi, yana cikin sarƙa, don haka dodanninka da ke tsaye duk sun tafi. Ɗan baffanka bai cuce ka ba.

Da a ce Call of the Haunted ya buɗe, da labari ya sha bamban. Shi tarko ne mai zama a fili, ka ga alamar nan mai kama da 8 a kwance a jikinsa. Irin wannan dole ya kasance a buɗe a fili lokacin zartarwa. In ka rusa shi a cikin sarƙa, dodon da ya so tadowa daga maƙabarta ba zai taso ba. Haka dokar take ga katin sihiri mai zama da katin fili. Ina ganin daga nan mutane da yawa ke ɗauko tunanin cewa Typhoon yana soke komai: sun ga ya yi aiki a kan irin waɗannan, sai suka ɗauka ko'ina haka ne.

Shawarata, in kana zargin katin da ke kife Mirror Force ne, ka rusa shi tun kafin ka shiga matakin faɗa. Sharaɗin kunna shi shi ne a ayyana hari. Ba ka ayyana ba, ba shi da ikon buɗe shi, sai dai ya kalle shi yana tafiya.

Yanzu Pot of Desires. Ɗauko katin ku duba tare. Bayan maganar korar kati 10 za ku ga waƙafi mai ruwa (;), sannan maganar jan kati 2. Tun 2011 Konami, kamfanin da ke yin wasan, suka sake tsarin rubutun katunan Turanci saboda irin wannan gardamar taku. Abin da ya zo kafin ruwa biyu (:) sharaɗi ne ko lokacin kunnawa. Abin da ya zo kafin waƙafi mai ruwa shi ne abin da za ka yi a daidai lokacin kunnawa, wato biyan farashi ko nuna katin da ka nufa. Abin da ya biyo baya shi ne aikin da zai zartu. Goman nan farashi ne, an biya tun kafin ka motsa, kuma farashi ba a mayarwa ko an soke katin ko ba a soke ba. Shi ya sa masu wasa ke jin zafin a tare musu wannan katin musamman: tari mai kati 40, mutum ya zubar da rubu'insa a banza.

Na biyun da ke hannunsa ma ba zai kunna ba. Katin ya ce guda 1 kawai ake kunnawa a zagaye. Ash Blossom aikin katin take sokewa, ba kunnawar ba, don haka a lissafi ya riga ya kunna nasa na wannan zagayen. Da Solemn Judgment ka buɗe masa, ka biya rabin makin ranka, shi kunnawar kanta yake sokewa, sai a ɗauka kamar ba a kunna ba, ya sami damar fito da na biyun, amma sai ya sake korar wasu goman.

Ta ukun a'a. Tarkon da ka kife sai zagaye ya juya, haka ma sihirin gaggawa irin Typhoon in ka kife shi. Daga hannu kuwa kana iya kunna sihirin gaggawa, amma a naka zagayen kaɗai. Sai katin da ya faɗi akasin haka da bakinsa, kamar Infinite Impermanence da ake kunnawa daga hannu in ba ka da ko kati ɗaya a fili.

Ummi Kd ta amsa:

Baban Iman ya gama magana, Allah ya ƙara sani. Abu ɗaya zan ƙara, don na san shi ne gardamarku ta gaba: ba kowane kati ne ke iya shiga sarƙa ba. Akwai matakan sauri 3. Sihiri na gama-gari da aikin dodon da kake kunnawa da ganin damarka a babban mataki, sauri na 1 ne, ba su mayar da martani. Tarko, sihirin gaggawa da ayyukan gaggawa na dodanni irin su Ash Blossom da Effect Veiler, na 2. Tarkon martani irin Solemn Judgment, mai alamar kibiya lanƙwasasshiya, na 3, kuma ba mai amsa masa sai ɗan'uwansa.

Ka gaya wa ɗan baffanka ya nemi Called by the Grave. Yar da Ash Blossom farashi ne, ke nan tana maƙabarta tun sarƙa ba ta fara zartuwa ba. Sai ya kunna nasa a mahaɗi na 3, ya kore ta daga can, aikinta ya mutu, ya ja katinsa 2 lafiya lau. Dokar da ta hana shi karɓar gomansa ita ce ta buɗe masa wannan ƙofar.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode Yaya, na gode Anti Ummi, Allah ya saka da alheri. Mun zauna mun karanta tare, ya gamsu, ni ma haka. Amma duba katunan ya jawo mana wata tambayar. Cyber Dragon ba shi da ruwa biyu ko waƙafi mai ruwa ko ɗaya, Jinzo ma haka. Su yaya ake kunna su? Kuma akwai wani tsohon Sangan a cikin kayan, rubutunsa ya bambanta da wanda na sani a waya.

Baban Iman ya amsa:

Madalla, ka fara karanta kati irin yadda ya kamata. Ba a kunna su, amsar ke nan. In ka ga aikin dodo babu ruwa biyu babu waƙafi mai ruwa a sabon rubutu, ba ya fara sarƙa. Cyber Dragon, in abokin karawarka ne kaɗai ke da dodo a fili, sauke shi kawai za ka yi daga hannu da ƙarfinsa 2100. Ba abin da aka kunna, don haka katin da ke jiran a kunna wani abu ba shi da abin kamawa. Mai son tare shi sai ya soke saukowar kanta, wanda Solemn Judgment ke yi. Ka lura da bambancinsa da Monster Reborn, sihirin da ke tado dodo daga maƙabarta: can sihirin ake kunnawa, dodon kuma yana fitowa ne a tsakiyar zartarwa, inda ba wanda ke da ikon sa baki. In za ka hana, a kan sihirin za ka hana tun farko. Ka bari ya fara zartuwa, ka makara.

Jinzo kuwa aikinsa mai ɗorewa ne. Muddin yana buɗe a fili tarko ba ya kunnuwa, ba sai mai shi ya ce uffan ba.

Tunda ka ambaci Jinzo da Sangan, bari in nuna maka wurin da ni a ganina ya fi ko'ina wahala a wasan nan. Jinzo mataki na 6 ne, sai ka sadaukar da dodo ɗaya. In Sangan ka sadaukar, aikinsa zai tashi bayan Jinzo ya sauka, ka ɗauko dodo mai ƙarfin 1500 ko ƙasa daga tari, domin aikin nasa na dole ne. In kuwa Peten the Dark Clown ka sadaukar, ba za ka sami komai ba. Rubutunsa ya fara da When (lokacin da), ya kuma ce kana iya, wato zaɓi ne. Irin wannan sai tafiyarsa maƙabarta ta zama ita ce abu na ƙarshe da ya faru. A nan kuwa abu na ƙarshe saukowar Jinzo ce, lokacinsa ya wuce. Wanda ya fara da If (idan) ba ya shiga wannan matsalar ko da na zaɓi ne. Ni ban taɓa ganin dokar nan ta ƙara wa wasan daɗi ba, kuma tana korar sababbin shiga, amma tana nan, dole a san ta.

Tsohon Sangan ɗinka kati ne halastacce, sai dai da sabon rubutu ake hukunci. An yi masa gyara: sau ɗaya a zagaye, kuma katin da ka ɗauko ba za ka kunna shi ko aikinsa a wannan zagayen ba. Konami na da rumbun katuna a intanet kyauta, duk tsohon katin da kuka yi shakka ku rubuta sunansa a can.

Malam Na Tudu ya amsa:

Ni inda na ɗan saba da ku shi ne ɗora wa takarda wahala. Master Duel ɗin da ya fito a Janairun 2022 shi ne malamin da ya fi kowa haƙuri, in mutum zai kalli lambobin sarƙar da ke fitowa a allo maimakon ya yi ta danna eh. Ɗan Fagge, ku buɗe ɗakin wasa ku biyu a waya, ku haɗa tari da katunan da kuke gardama a kai, ku gwada. Ka mayar da maɓallin martani kan ON, wato a kunne, zai tsaya ya tambaye ka a kowace gaɓa, a nan za ka ga tazarar da Baban Iman ke magana a kai da idonka. Ku dai tuna jerin katunan da aka haramta ko aka taƙaita a waya daban yake da na takarda.

A kan tabarma kuma ku ɗauki al'adar masu gasa: duk wanda ya kunna kati ya faɗi sunansa, ya biya farashi, ya nuna abin da ya nufa, sannan ya tambaya "akwai martani?" kafin ya taɓa tarinsa. In ɗayan ya ce babu, ba ya dawowa daga baya ya ce yana da Ash Blossom bayan ya ga abin da aka ɗauko.