Hotunan da na ɗauka a ƙarƙashin ruwa sun ƙi kyau, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hoton biki nake ɗauka shekara 6. Wata hajiya mai ɗinki ta ba ni aikin tallan dogayen riguna da mayafai, tana so a ɗauki masu tallan a ƙarƙashin ruwa, a wurin iyo na wani otal. Jiya muka yi gwaji da yamma. Fatar kowa ta koma shuɗi-shuɗi, ɗige-ɗige farare sun cika hoton, kuma da yarinyar da ke tallan ta nutse sai ruwa ya taso da ita, kumatu a kumbure. Asabar ne aikin, ba na so in kunyata.

Mai hoto daga Kaduna: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ruwa jan launi yake fara shanyewa, shi ya sa launin fata ke mutuwa. Kuma tafiyar hasken ake lissafawa gaba ɗaya, daga sama zuwa jikinta, daga jikinta zuwa kyamara. Ka matso, kada tazararku ta wuce mita 1 zuwa 2, ku tsaya kusa da saman ruwa. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka iya dawo da launi a kwamfuta. Yamma kuma ba lokacinsa ba ne, ka zo da hantsi zuwa azahar, rana na dukan ruwan daga sama.

Wani mamba: Ɗige-ɗigen nan ƙurar cikin ruwa ce, fitilarka ke haskata saboda tana manne da idon kyamara. Ka kashe ta, ko ka kai ta gefe. Ka roƙi masu otal su tace ruwan tun dare, kada kowa ya shiga kafin ku. Wane irin murfi ne a gaban akwatin da ke kare kyamararka daga ruwa?

Mai tambaya: Shafaffe ne, Yaya.

Wani mamba: To shi ne ke ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya matse maka fili. Nemi mai siffar ƙoƙo, ko da na haya ne. Ka duba zoben robar akwatin, gashi ɗaya ya isa ruwa ya shiga. Fara nutsa shi babu kyamara, da tishu a ciki.

Mai koyar da iyo: Malam, ni yarinyar ce ta dame ni. Iskar da ta cika ƙirji ce ke taso da ita. Ta saki kaɗan kafin ta nutse, fuskar ma za ta sake. Amma don Allah kada wani ya ce ta yi ta jan numfashi da sauri-sauri wai don ta daɗe a ƙasa. Haka mutum ke suma a cikin ruwa ba tare da ya ji alama ba, ko da gwani ne. Daƙiƙa 10 ta ishe ka, ta fito ta huta. Ku yi a inda ƙafarta ke taɓa ƙasa, ga wata ƙwararriya a gefenta da ba ta da aiki sai kallonta. Shadda da leshi idan sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Ka gaya wa Hajiya ta kawo shifon, kuma kowace fitila mai waya ta yi nesa da bakin ruwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu zan kira Hajiya kan maganar yadin, in nemi a mayar da aikin ƙarfe 11 na safe.