Taƙaitawa: kare gauraka a tafkin Gidimuni

'Yan uwa, ga abin da aka tattauna a taƙaice kan yadda za a kare gauraka a tafkin Gidimuni da ke jihar Damagaram a Nijar.

1. Gauraka na yin sheƙa cikin ciyawar bakin ruwa da damina, tana kwanci kusan kwana 30. In aka kore ta, rana ko karnuka ke lalata ƙwan. Shi ya sa aka ce makiyaya su tsaya mashaya guda.
2. A daina kama 'ya'yanta ana kaiwa gidaje, wannan na cikin abubuwan da suka fi ƙarar da ita.
3. Kacala a yanke gefe a bar gefe, kada a sa wuta.

Inda aka rabu: batun masu lambu da masu kanwa. Wasu sun ce a hana aiki daf da ruwa, tunda tafkin na ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasa da ƙasa kan kare dausayi, tun 2019. Wasu kuwa sun ce hani ba ya ɗorewa, gara masu gari su shata iyaka.