Burtalin garinmu na tsukewa, ta ina ƙungiya za ta fara?

Ɗan Gulbi:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Ni ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiyar matasa a ƙauyenmu, kudu da Maradi ta hanyar Madarunfa. Akwai burtalin da ya bi yammacin gari ya gangara tabki. Ina yaro, ina bin shanun kawuna, garke biyu kan wuce juna a cikinsa ba tare da sun gauraya ba. Bana da damina na auna wani wuri da ƙafata, taki 11 kacal. Kowace shekara masu gonakin gefe na ƙara kunya ɗaya ko biyu, kuma cikinsu har da dangina, shi ya sa abin ke min nauyi. Yanzu kuma wani mai hali daga birni ya kafa turaku a filin kiwo, wai saye ya yi. Sau uku muna zuwa wurin mai gari, yana ce mana a yi haƙuri. Muna da takardar izini, mu 40 ne, abin da ke asusunmu bai kai jaka 100 ba. Me ƙungiya irin tamu za ta iya?

Malam Tsohon Kofo:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yi shekaru a hukumar filaye, wadda muke cewa Kofo, bari in gaya maka abin da na gani. Kukan baki yana ƙarewa a zaure. Takarda mai tambari ita ke tafiya.

Doka na bayanku. Kundin dokar karkara na 1993 shi ya kafa Kofo, kuma hawa-hawa take: ta ƙauye, ta komin (wato ƙaramar hukuma), ta gunduma. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, burtali da filayen kiwo kuwa dukiyar jama'a ce a hannun ƙasa, ba mai mallake su shi kaɗai. To wanda ya ce ya saya, a tambaye shi wa ya sayar masa, kuma wace takarda ya riƙe. Sau da yawa daga nan magana ke warwarewa.

Ku rubuta wasiƙa zuwa Kofon komin, ku kai kwafi wurin perfe (shugaban gunduma) da ma'aikatar kiwo, ku sa a buga muku tambarin karɓa a kan naku kwafin, ku adana. Kada ku rubuta "a taimaka mana" kawai. Ku nemi abu ɗaya takamaimai: a fito a auna burtalin, a kafa masa alamun siminti, a shigar da shi rajistar filaye. Kafin nan ku zaga da dattawa uku ko huɗu da suka san tsohuwar iyaka, itacen da ke nan, tsohuwar rijiyar da ke can, ku rubuta abin da suka faɗa, ku ɗauki hoto da waya. Dattawan nan ba za su dawwama ba, ku yi sauri. Kuma aikin rani ne. Da zarar gero ya tsiro, ba wanda zai yarda a taɓa masa kunya.

Inna ta Dakoro:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni tsorona daban. Ɗana, kada ku bari a ce ƙungiyarku ta Fulani ce ko ta masu shanu. Mu da muka girma a jihar nan ba mu manta Toda ba, 1991, mutum sama da 100 suka mutu kan rikicin gona da dabba, akasarinsu mata da yara. Ku sa manoma cikin tawagar, musamman waɗanda gonarsu ke bakin burtalin. Ai manomin ma yana da awaki da shanun huɗa, kuma in burtali ya toshe, gonarsa dabba za ta faɗa. Mai gari kuma kada ku tsallake shi, ko da ya yi sanyi. Ku gaya masa za ku rubuta, ku roƙi ya sa hannu. Ku nemi ƙungiyar makiyaya ta AREN ma, sun daɗe a harkar makiyaya, sun san ƙofofin.

Abdu Tibiri:
Ni na fi yarda da rediyo. Wasiƙa na iya kwana shekara a durowa, amma in an yi maganar a gidan rediyo da Hausa da Fulatanci, washegari za a kira ku. Sai dai ku faɗi wuri da awo, kada ku ambaci sunan kowa, kar a kai ku kotu.

Ɗan Gulbi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Rediyon za mu ajiye shi tukuna, Abdu, sai in wasiƙar ta yi wata ba amsa. Inna, maganarki ta taɓa ni, don baffana na cikin masu ƙarin kunyar, da shi zan fara ranar Juma'a bayan masallaci. Malam, tambaya ɗaya: kuɗin mai na fitowar Kofo da na simintin, mu za mu biya ko komin?