An dakatar da shafin shagona alhali na biya kuɗin shekara, wa zan kai wa ƙara?

Mai Babbar Riga, Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata babbar riga mai aikin hannu a cikin birnin Zazzau, kuma masu saye daga Abuja da Yamai ta shafina na .com suke ganin kaya. Makon jiya shafin ya ɗauke ɗif, ga rasit ɗin kuɗin shekara a hannuna. Yaron da ya haɗa min shi, wanda yanzu yake bautar ƙasa, ya ce ya sauya imel a rajistar ne, kamfani ya turo saƙon tabbatarwa, ba a amsa ba, suka rufe. Don Allah kamfanin da ya karɓi kuɗina yana da hurumin yin haka? Ga sallah ta matso.

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yana da shi, hasali ma tilas aka yi masa. Duk kamfanin da ke yin rajistar .com sai ya bi yarjejeniyar ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen shafukan intanet, wadda aka kafa a Amurka a 1998. Yarjejeniyar 2013 ta ce idan an yi sabuwar rajista ko an sauya bayanan mai sunan shafin, a tabbatar da imel ko lambar waya cikin kwana 15. In shiru, ko kamfani ya bincika da kansa, ko ya dakatar. Sunan bai salwanta ba. Yaron ya buɗe imel ɗin ya latsa, yawanci ba a jimawa shafi yake dawowa.

Hajiyar Tudun Wada:
Ɗan Samaru, ka faɗi da bakinka: ko ya bincika da kansa. To me ya hana su bugo waya? Rufewa ta fi musu arha, shi ke nan. Waɗanda suka tsara dokar nan mutanen da ke kwana a kan imel suke tunani. Mu nan ciniki a WhatsApp yake. Ɗan damfara kuwa, wanda aka ce dominsa aka yi dokar, shi ne zai fara latsawa tun saƙon bai huce ba.

Malamin Kongo:
Hajiya, maganarki tana kan hanya, amma a raba abu biyu. Sashen ICANN mai sa ido kan yarjejeniya yana karɓar ƙorafi kyauta ta shafinsu, kuma yana iya kai wa ga soke lasisin kamfani, kamar yadda aka yi wa kamfanin rajista na RegisterFly a 2007. Sai dai ba kotu ba ne, ba ya sa a biya ka asarar ciniki. Tambayarsa ɗaya ce: kamfani ya saɓa abin da ya sa wa hannu? A nan bai saɓa ba.

Ni abin da ya fi damuna, Alhaji, sunan wa ke kan rajistar? In na yaron ne, a idon kamfani shi ne mai shafi, kai baƙo ne ko da kai ke biya. Ka sa ya mayar da ita sunanka da lambarka. Amma ka sani sauya mai suna yakan jawo kullen kwana 60 da ba za ka iya komawa wani kamfanin ba, sai in kamfanin ya ba da dama kuma an nemi a tsallake shi tun kafin sauyin. Masu .com.ng kuma, ku naku ƙorafin wajen NiRA yake, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng na Najeriya, ba ICANN ba.

Mai Babbar Riga, Ƙofar Doka:
Allah ya saka, Malam. Na kira yaron, sunansa ne a kai. Ya ce da ya samu sabis zai latsa, in ya zo hutu kuma mu zauna a sauya.