Ƙarfen matakala da baranda: baƙi zan sa ko na silba?

Ɗan Garko:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son ta waɗanda suka taɓa kashe kuɗinsu a kan abin, ko waɗanda sana'arsu ce.

Shekara huɗu ke nan ina lallaɓa wani ɗan gini a ƙauyenmu, gefen Garko. Shaguna biyu a ƙasa, ɗaki biyu da falo a sama. Bara aka zuba dekin, bana bayan girbi na sayar da wake na yi rufi. Abin da ya rage yake hana ni barci shi ne ƙarfen dafawa na matakala da na baranda. Matakalar ta waje ce, daga tsakar gida take tashi, hawa 17. Barandar kuma gabas take kallo, kun kuwa san daga inda hadari yake taso mana. Duk ruwan da aka yi da iska sai ya wanke ta tas.

Masu walda biyu na kira. Na farko ɗan garinmu ne, ya ce baƙin fayif mai kusurwa huɗu zai sa, ya shafa fenti, shi ke nan. Na biyu daga birni wani abokina ya turo shi, ya zo da hotuna a waya, duk na sitenles, wanda mutanenmu ke ce wa na silba, sai ɗaukar ido yake. Kuɗin da ya yanka ya haura ninki biyu na na farkon, amma ya ce har abada ni da fenti mun raba gari. Gaskiya raina ya biya. Mai ɗakina kuwa tun da ta ga hoton ba ta ƙara sauraron zancen baƙin ƙarfe ba.

Abin da ya sa na ja da baya, ranar Juma'a da na shiga kasuwar Wudil na biya gidan wani Alhaji da muke harkar hatsi tare. Irin wannan na silbar ne a barandarsa, damina biyu kacal da sawa, amma gindin sandunan duk ya yi ɗige-ɗigen tsatsa, wajen walda ya yi baƙi. Da na ɗan jingina sai na ji yana rawa. Na kasa tambayarsa, kar ya ga kamar kushe masa gida na zo yi.

Mahaifiyata za ta riƙa hawa, gwiwa na damunta, duk nauyinta a kan ƙarfen za ta saki. Ga yara uku, babban shekararsa bakwai. To wanne zan sa? Wani ma cewa ya yi in nemi alminiyam.

Mai Walda Bakin Gada:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa a shiga lafiya. Ni walda ce abincina tun ina ɗan koyo, bari in faɗa maka abin da ka gani a gidan Alhajin nan.

Sitenles ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai lamba 304, akwai 201. Na 304 yana da kiromiyam kusan kashi 18 cikin ɗari da nikel kusan kashi 8, su ne suke hana shi tsatsa. Na 201 an rage masa nikel ɗin saboda tsada, an cike gurbin da manganis. A shago, da leda a jikinsu, ko ni ba zan raba maka su da ido ba. Sai damina ta zo take raba gardama. Kuma kar kowa ya ruɗe ka da mayen ƙarfe, wai in bai kama ba to mai kyau ne. Maye ba ya kama 304, ba ya kama 201, ka ga babu abin da ya gaya maka. Akwai wani ruwan gwaji da ake ɗigawa, launinsa yana canzawa a kan 201, in mai shagon yana da shi ka ce a ɗiga a gabanka.

Sai kuma aikin hannu. Sitenles waldar gas ɗin agon yake so. In aka zo ƙauye da janareto da injin walda na gama-gari aka ɗiɗɗiga masa, wurin zai ƙone ya yi baƙi, daga nan tsatsa take kamawa. Haka in aka goge shi da faifan giranda da aka riga aka ci baƙin ƙarfe da shi, ɓurɓushin nan yana maƙalewa ya yi tsatsa, ko da 304 ne na gaske. Ka tambayi mutumin birnin nan da wane inji zai zo.

Amma rawar da ka ji ba lamba ce ta kawo ta ba, kauri ne. A nan ake cin mutane, a baƙi da fari duka. Fayif biyu za su zo da faɗi ɗaya, inci ɗaya da rabi, amma naman ɗaya bai kai milimita 1 ba, ɗayan milimita 2. In an yi fenti wa zai sani? Ni a ginshiƙai da sandar sama da ake dafawa ba na yarda in sauka ƙasa da milimita 2, sandunan tsakiya kuwa 1.5 ya wadatar. Ka je kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano da ƙafarka tare da mai aikin, a auna maka bakin fayif ɗin, ka ɗaga ka ji nauyinsa. Kada ka ba da kuɗin kaya da na aiki a dunƙule.

Da ni ne da kuɗinka, baƙi mai kauri zan sa. Sirrinsa uku ne kawai, kuma duk rowa ce take hana yin su. A kankare shi da burushin waya har ya yi fes, a shafa jan fentin nan na ƙasa mai hana tsatsa hannu biyu kafin a sa mai launi. A toshe kan kowane fayif da walda, don in an bar shi a buɗe ruwa zai shiga ya kwanta, ƙarfen ya ci kansa ta ciki kana ganin fenti lafiya lau a waje. Sannan gindin, inda ya haɗu da siminti, a ɗan yi masa tudu yadda ruwa zai gangare. Duk ƙarfen dafawar da aka taɓa kira na in gyara, a gindi ya ruɓe, ban taɓa ganin wanda ya karye a tsakiya ba.

Maman 'Yan Biyu, Ringim:

Malam, ku maza kuna ta lissafin tsatsa, ni tazarar sanduna zan yi maka magana a kai, don ta taɓa sa ni kuka.

Gidan da muka yi haya kafin mu dawo namu, mai aikin ya ware sandunan sosai don ya rage fayif. Wata ranar Asabar ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ji ihu. Hassan ne, lokacin bai cika shekara uku ba, ya zura kai tsakanin sanduna yana leƙen awaki, kan ya shiga ya ƙi fita, kunnuwa sun tokare. Man gyaɗa na shafa masa har wuya, ya ƙi. Sai da maƙwabcinmu ya kawo jak ɗin mota ya buɗa sandunan. Abin da ya fi tsorata ni daga baya, da ƙafa ya fara zurawa, jikin zai wuce ne ya bar kan.

Da za mu yi namu na tsaya a kan mai waldar. Kada tazara ta wuce santimita 10, wato inci huɗu. Gwangwanin madara na ruwa na ba shi na ce in ya wuce da sauƙi har da sauran wuri, a sake. Ya yi ta gunaguni wai Hajiya fayif zai ƙaru. Na ce ya ƙaru.

Kuma sandunan a tsaye za a jera su. Waɗannan na kwance da ake yayi a hotuna tsani ka kafa wa yaro, ɗan shekara bakwai ɗinka kafin ka juya ya kai sama. Haka furannin ƙarfe da ake lanƙwasawa a tsakiya, wurin sa ƙafa ne.

Don Mama kuma, Allah ya ƙara mata lafiya, sandar da za ta dafa ta zama mai zagaye wadda hannu zai iya damƙewa, kar a sa mata faffaɗa mai kusurwa. Kada kuma a yi mata baƙin fenti. Ranar Afrilu in ta doki baƙin ƙarfe da azahar, ko kai ba za ka iya riƙewa ba, balle tafin tsohuwa. Mu ruwan madara muka sa. Sai dai ka sani, matan gida sai sun shanya kaya a kai, ko ka hana, to fentin ya zama mai kyau kar ya ɓata musu fararen zannuwa.

Injiniya Ba Ofis:

Ranka ya daɗe Mai Walda, na yarda da kai a kan kauri, amma ban yarda a ce wa mutum ya sa baƙi a barandar da ke kallon gabas ba tare da an gaya masa fenti zai riƙa sabuntawa ba. Mu faɗi gaskiya, wa yake komawa ya yi? Ana tarewa an manta, sai an ga jan ruwa yana bin bango.

Akwai na tsakiya da ba a ambata ba, galbanais, irin fayif ɗin da aka yi wa rigar tutiya. Ya fi baƙi tsada, bai kai sitenles na gaske ba, kuma yana jure ruwa sosai. Lahaninsa, duk inda wuta ta taɓa tutiyar ta ƙone, dole a bi wuraren walda ɗaya bayan ɗaya a shafe. Hayaƙinsa kuma fari ne mai sa zazzaɓi, a fili za a yi aikin. Na san yaran walda kan sha madara bayan sun gama, wannan ba ta hana komai.

Alminiyam ka cire shi a lissafi. Ba ya jan tsatsa, gaskiya ne, nauyinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne. Amma yana da laushi, ɗanyen siminti yana cin sa in an binne shi kai tsaye, in ya karye mai waldar garinku ba shi da injin da zai kama shi, sannan 'yan gwangwan suna son sa kamar me.

Tsayi kuma, a baranda kar ya gaza mita 1.1 daga daɓe, a matakala santimita 90. A auna bayan an lissafa tayil, don na ga inda aka kafa ƙarfe kafin a yi daɓe, da aka gama ya koma iya cinya. Tunda an riga an zuba dekin, kada a ɗan fasa bakin kankare a soka fayif a liƙe da siminti. Ko dai a tono rodin ciki a kama da walda, ko a yi wa kowane ginshiƙi faranti a ɗaure da kusoshin kankare huɗu, nesa kaɗan da baki don kar ya ɓare.

Ɗan Garko:

Kai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, labarin Hassan ya sa na tashi na duba hotunan da mutumin birnin nan ya turo min, wallahi duk na kwance ne. Na nuna wa mai ɗakina abin da kika rubuta, ta yi shiru, daga baya ta ce a bar silbar.

Na kira shi ɗazu na tambaye shi 304 ne ko 201, sai ya ce min duk ɗaya ne Alhaji, sitenles sitenles ne. Na yi masa godiya.

Yanzu abin da nake tunani, galbanais a baranda tunda ita ruwa ke duka, baƙi mai kauri a matakala don katanga ta ɗan kare ta. Mai Walda, haɗa biyun zai yiwu, ko za su yi bambancin launi?

Mai Walda Bakin Gada:

Zai yiwu Malam, in an yi fenti ba mai ganewa. Sai dai galbanais sabo yana da santsi, fenti ba ya kama shi da kyau, yana ɓarewa kamar bawon albasa. A wanke maiƙon jikinsa, a ɗan goga masa samfefa, a sa fentin ƙasa wanda aka yi don shi, ka faɗa wa mai shagon fenti a kan galbanais za ka shafa.

Injiniya ya kama ni a kan sabunta fenti, ban musa ba. Ni dai nakan ce wa mutane su duba gindin sanduna duk shekara kafin ruwan farko, in an ga ja a kankare a shafe, aikin rabin yini ne.

Ka yi wa ɗan garinku magana tun yanzu, kuma ranar da za a kafa na matakalar ka sa Mama ta tsaya a hawa na farko ta miƙa hannu, a ɗiga walda ɗaya a gwada mata kafin a kama gaba ɗaya.