Neman shawara: Sukarin jinin jemaguna ya haura 300, ciwon suga ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da jemagu 8 a kejin bincike, manyan nan masu launin busasshiyar ciyawa da ke cin 'ya'yan itace. Ayaba da mangwaro da kankana nake ba su da magariba. Na gwada jinin biyu minti 30 bayan sun ci, na'ura ta nuna sama da 300 mg/dL, wato ma'aunin sukarin jini. Ciwon suga ne? In rage musu zaƙi?

Likitan dabbobi: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka rage, lokacin gwajin ne ya firgita ka. Abinci kan ratsa hanjin jemage cikin kusan rabin awa, sukari ya afka jini a lokaci guda, ya kuma sauka da sauri. A 2024 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko sun nuna cewa jemagen Jamaika mai cin 'ya'yan itace ya fi mai cin ƙwari yawan ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini. Ka sake gwaji da la'asar kafin ka sa abinci, sannan awa biyu bayan ci. In na la'asar ɗin ma bai sauko ba, to a bincika. Ka gama gwajin da sauri, don daɗewa riƙe da jemage ma na ɗaga sukari.

Mai nazarin abincin namun daji: Ɗan'uwa, ni abincin ne ya fi damuna. Ayaba da kankana ruwa ne da zaƙi, sinadarin kalsiyam da furotin kaɗan ne. A haka ƙashi ke laushi, yatsun fiffike su lanƙwashe, jemage ya kasa rataya. Ka haɗa da ɓaure, yana cikin cimarsu a daji, ka barbaɗa garin kalsiyam yadda likita ya auna. Lemu da maganin ƙarin jini kuwa ka nisance su: bitamin C na ƙara shan sinadarin ƙarfe, ya taru a hanta, cutar da aka fi sani da jemagen Masar a keji. Kada ka zube abinci a kwano ɗaya, ka rataye gutsattsari nesa da juna don su tashi su ƙone sukarin. Ka auna nauyinsu duk mako, babba kan kai giram 250 zuwa 300.

Likitan dabbobi: Safar hannu mai kauri da rigakafin cutar haukan kare dole ne a gare ka, Malam. A jikin irin jemagunka aka fara gano ƙwayar cutar jemagen Legas, dangin ta haukan kare, a 1956.