Abin da aka tattauna kan fom ɗin neman akawun a sabar Linux (kwamfutar da mutane da yawa ke shiga ta netwok)

'Yan uwa na Gombe, ga abin da na tattaro:

1. Kowa ya yarda kar fom ya nemi fasuwod, a karɓi makullin SSH na fili kawai (ɓangaren da ba sirri ba na makullin shiga sabar daga nesa), shafin kuma dole HTTPS (hanyar da ke ɓoye bayanan da ake turawa ta intanet).
2. Fom ya nemi suna, imel, dalili, da ranar da akawun zai mutu, saboda masu bautar ƙasa suna tafiya akawun ɗinsu na nan buɗe, wannan ya dame ni sosai.
3. Kar fom ya buɗe akawun da kansa, sai oga ya amince, sudo kuwa (izinin yin aikin mai kula da sabar) daban ake nema.

Inda aka rabu: wasu sun ce Google Forms ya isa tunda netwok ɗinmu sai a hankali, wasu suka dage a rubuta fom ɗin da PHP (yaren rubuta shafukan intanet) don bayanan mutane su zauna a hannunmu.